Abin da na gani a zaman shawara na rukuni, daga haɗuwa zuwa rabuwa

Lokacin da na koma karatu domin in ƙware a aikin ba da shawara, bayan shekarun da na yi ina koyarwa, an gindaya mana sharaɗin cewa babu wanda zai jagoranci zaman shawara na rukuni sai ya fara zama a cikin irinsa a matsayin mahalarci, har tsawon zangon karatu guda, yana kawo damuwarsa ta gaske kamar kowa. Hujjar malamanmu ita ce, wanda bai taɓa jin nauyin buɗe cikinsa a gaban mutane ba, ba zai san girman abin da yake nema daga wasu ba idan ya ce musu su yi magana. An kuma tsara cewa masu jagorantarmu ba sa cikin masu ba mu maki, domin babu wanda zai saki jiki a gaban mutumin da sakamakon jarrabawarsa yake hannunsa. Abin da zan faɗa game da sauran mahalarta da izininsu na faɗe shi, kuma na sauya duk abin da zai sa a gane su.

Kafin zaman farko, jagorar rukunin ta gana da kowannenmu shi kaɗai. Ta tambaye ni abin da nake so in samu, na ce ina so in koyi yadda ake tafiyar da rukuni, sai ta ce: "Malam, wannan a aji za ka koye shi. Ni ina tambayarka abin da yake damunka kai." Daga nan ne na ambaci mahaifina, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, kuma ni nake ɗawainiya da shi. Ta bayyana mini cewa wannan ganawa tantancewa ce, domin ba kowa ne zaman rukuni yake yi wa amfani a kowane lokaci ba. Wanda yake tsakiyar mummunan tashin hankali, ko yake tunanin hallaka kansa, ya fi buƙatar a zauna da shi shi kaɗai tukuna. Sannan ta faɗi wata magana game da sirri wadda na yaba da gaskiyarta: ita za ta iya yi mini alkawarin riƙe abin da na faɗa, in ban da inda ran wani yake cikin haɗari ko ake cutar da yaro, amma ba za ta iya lamunce mini bakin sauran mahalarta ba, iyakarta ta nemi alkawarinsu kuma ta riƙa tunatar da su.

Mu takwas ne, maza da mata, ga jagora da mataimakinta, muna haɗuwa sau ɗaya a mako na tsawon minti 90, a kan kujerun da aka jera a zagaye ba tebur a tsakiya, ta yadda kowa yana ganin fuskar kowa. Yawancin masana sun fi son rukunin manya ya kasance tsakanin mutum 6 zuwa 10, saboda idan aka yi kaɗan ƙwarai fashin mutum biyu ya isa ya kashe zama, idan kuma aka yi yawa masu ƙarancin magana sai su ɓace a cikin taro. Namu rufaffen rukuni ne, wato da zarar an fara ba a ƙara shigo da kowa. A ranar farko aka tattauna ƙa'idoji: abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, a zo a kan lokaci, a kashe waya, kowa yana da 'yancin ƙin amsa tambaya, babu zagi, kuma idan wasu suka tattauna a waje wani abu da ya shafi rukunin, su dawo da maganar cikin zama. Muka amince da duka cikin sauri, ba tare da mun fahimci nauyin ta ƙarshen ba.

Makonnin farko sun wuce cikin ladabi da taka-tsantsan. Kowa ya gabatar da kansa da abin da ya san ba zai jawo masa raini ba, ana gyaɗa kai ana yaba wa juna, alhali a zuci kowa yana tambayar kansa ko za a karɓe shi, da kuma idon da za a dube shi da shi gobe idan ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki. An riga an koya mana tsarin da Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, ya fitar a 1965 bayan ya nazarci rubuce-rubucen bincike 50 a kan ƙananan rukunoni, inda ya ce rukuni yakan fara da haɗuwa, ya shiga rikici, ya daidaita ƙa'idojinsa, sannan ya kama aiki. Amma sanin sunan mataki bai rage mini fargabarsa ba ko kaɗan. Abin da ya fi fitowa fili shi ne inda idanunmu suke: ko da mutum yana amsa maganar na kusa da shi, fuskarsa tana wajen jagora, yana jiran alamar cewa ya faɗi daidai. Wilfred Bion, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya wanda ya yi aiki da rukunonin sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, ya bayyana wannan hali na dogaro, inda mutane suke zama kamar sun taru ne kawai domin shugaba ya ɗauke wa kowa nauyinsa. Jagorarmu ta ƙi karɓar wannan matsayi. Idan aka jefa mata tambaya takan waiwaya ta ce, "Ko akwai wanda wannan tambaya ta taɓa?" Idan kuma an yi shiru ba ta gaggawar cike shi.

Da yake dukanmu masu koyon ba da shawara ne, hanyar da muka samu ta kauce wa buɗe cikinmu ita ce mu rufu a kan matsalar wani. Wata matashiya ta yi ƙarfin hali ta ce tun da aurenta ya mutu ba ta iya barci, takan kwana tana maimaita maganganun da aka yaɓa mata. Ba ta rufe baki ba shawarwari suka fara zubowa: wannan ya ce ta rage kallon waya da dare, wancan ya ce ta riƙa motsa jiki, wata ta ce ta yi haƙuri komai mai wucewa ne, wani kuma ya kawo wata dabara da muka karanta a makon. Ita kuwa tana ta cewa "na gode, na gode", muryarta tana ƙara yin ƙasa, tana murza yatsunta. Jagorar ta ɗaga hannu ta tsayar da mu, ta dube ta ta ce: "Malama, an ba ki shawara kusan daga kowane baki. Yaya kika ji a ranki yanzu?" Ta yi jim, sannan ta ce: "Na ji kamar ana so in yi shiru ne." Babu wanda ya yi niyyar haka, amma gaskiya ta faɗa, domin shawarar da ta riga saurare takan zama hanyar rufe maganar da ta yi wa mai ji nauyi.

Ranar ce na fara gane cewa ƙa'idojin rukuni iri biyu ne: akwai waɗanda aka faɗa da baki, akwai kuma waɗanda ba wanda ya taɓa furtawa amma kowa yana bi, kuma na biyun sun fi ƙarfi. Cikin 'yan makonni kowa ya mallaki kujerarsa, an saba da wanda yake buɗe zama, an saba da cewa idan hawaye ya zo wa wani sai wani ya yi sauri ya kawo abin dariya, an kuma fara ɗaukar makara ba a bakin komai ba. Irin waɗannan ɗabi'u suna kafuwa da wuri, kuma idan suka kafu sauya su yana da wuya. Jagorar ba ta taɓa yi wa wanda ya makara faɗa ba. Tana fara zama a kan lokaci ko da mutum uku ne a ɗakin, tana rufewa a kan lokaci ko da magana ta yi daɗi, kuma wata rana ta tambayi waɗanda suka zo da wuri yadda suke ji idan sun fara magana mai nauyi sai ƙofa ta buɗe. A ganina a nan babban aikin jagora yake a farkon tafiya, domin duk abin da ya gani ya bari ya wuce, rukuni zai ɗauka an halatta shi.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓaninmu na farko da jagorar aka yi shi, kamar yadda yakan faru a rukunoni da yawa. Wani daga cikinmu, mutum mai tsari wanda ba ya son ɓata lokaci, ya ce mata kai tsaye: "Malama, ki gafarce ni, amma mun zo nan ne mu ƙaru, ke kuma kin fi mu sani, kin zauna kina mayar mana da tambayoyinmu. Ban ga amfanin wannan zaman ba." Ɗakin ya yi tsit, wata ta fara ba da haƙuri a madadinsa. Jagorar ba ta kare kanta ba, ba ta kuma nuna ɓacin rai ba. Ta ce ta ji daɗi da ya faɗa a gabanta, ta amince cewa akwai lokutan da shirunta ya yi tsawo fiye da kima, sannan ta tambaya ko akwai masu irin ra'ayinsa, aka kuwa samu. Dukanmu muna kallon yadda za ta ɗauki sukar ne, domin daga nan za mu gane ko ana iya nuna rashin jin daɗi a ɗakin nan a kwana lafiya. Da ta murƙushe shi da iliminta, da babu wanda zai sake faɗin gaskiya. Da kuma ta rikice ta sauya komai domin ta faranta masa, da mun rasa wanda za mu jingina da shi idan abu ya yi zafi.

Rikici na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi na fi daɗewa ina tunani a kansa. Akwai wani dattijo a cikinmu wanda ya daɗe yana shugabantar makaranta kafin ya dawo karatu, kowa yana kiransa Baba. Duk maganar da aka ɗauko sai ya karɓe ta ya kawo dogon labari daga rayuwarsa, ya rufe da nasiha, har ya zama yana cinye kusan rabin lokacin zama. Saboda shekarunsa babu wanda ya iya katse shi, sai dai a riƙa duban agogo. Wasu uku suka buɗe zaure a WhatsApp inda suke sauke haushinsu bayan kowane zama, kuma alamar hakan ta fara bayyana a ɗakin, domin da Baba ya buɗe baki sai su haɗa ido su yi murmushi. Wannan shi ne abin da ƙa'idar nan ta ƙarshe take gudu: idan wasu suka ware da sirrinsu, maganar da ya kamata a yi a fili sai ta koma ɓoye, sauran kuma su fara jin cewa akwai na ciki akwai na waje. Ranar da abin ya fashe, ɗaya daga cikin ukun ta katse Baba da zafi ta ce ya hana kowa magana, nan take wasu suka mara mata baya, kowa yana kawo nasa ƙorafin, har da waɗanda ba su taɓa nuna damuwa ba. Baba ya yi shiru, ya rufe littafinsa ya ɗora a cinya, ya gyara zama zai tashi.

Mataimakin jagorar ne ya fara shiga tsakani. Ya ce a dakata, mutum ɗaya ba zai iya sauraron mutum biyar a lokaci guda ba, ya kuma roƙi Baba ya zauna. Sannan jagorar ta fuskanci sauranmu ta ce: "Makonni Baba yana magana kuna saurare. Ina so mu duba abin da wannan ya amfane ku da shi." Da farko an ji tambayar kamar rashin adalci, amma da aka yi ta juya ta sai gaskiya ta fito: muddin Baba yana magana, babu wanda za a waiwayo a tambaye shi nasa ciwon. Rukunin ne ya ɗora masa wannan aiki, sannan ya juyo yana hukunta shi a kansa. Kurt Lewin da Ronald Lippitt da Ralph White sun ga makamancin haka a binciken da suka wallafa a 1939 a kan ƙungiyoyin yara 'yan kimanin shekara 10 a jihar Iowa ta Amurka, inda yaran da ke ƙarƙashin shugaba mai kama-karya suka riƙa tara haushinsu a kan ɗaya daga cikinsu har ya bar ƙungiyar. Jagorarmu ba mai kama-karya ba ce, amma tushen abin ɗaya ne, wato damuwar da rukuni ya kasa fuskanta takan sauka a kan mutum guda. A wannan zaman ne aka bayyana maganar zauren, aka tattauna ta a fili, masu shi suka yarda su rufe shi.

Duk da haka jagorar ba ta wanke Baba ba. Ta nemi matar da ta katse shi ta sake faɗin maganarta, amma wannan karo ta dube shi, ta faɗi abin da ita take ji, ta bar yanke hukunci a kan halinsa. Matar ta ce: "Baba, idan na fara magana ka karɓe ta da labari, sai in ji kamar abin da na kawo bai kai a tsaya a kansa ba, sai in janye." Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce tun da matarsa ta rasu 'ya'yansa kuma suka yi nisa, wannan ɗakin ne kaɗai inda ake zama a saurare shi, kuma yana tsoron idan ya yi shiru za a tambaye shi abin da ba zai iya faɗa ba sai ya yi kuka a gaban sa'annin 'ya'yansa. Wannan ce magana mafi gajarta da ya taɓa yi a zaman, kuma ita ce ta farko da ta sa muka san shi.

Daga wannan mako zaman ya sauya, kuma ƙa'idojin da suka biyo baya mu muka kafa su da kanmu. Mutum ya ce "ni" maimakon "ai kowa ya sani". Idan maganarka ta shafi wani a ɗakin ka dube shi ka faɗa masa, kada ka ba jagora labarinsa yana zaune. Kafin ka ba da shawara ka tambaya ko ita ake nema ko saurare. Idan wani yana kuka a bar shi ya yi, kada a yi gaggawar rarrashi. Jagorar kuma ta riƙa jawo mu daga labaran waje zuwa abin da ke faruwa a tsakaninmu a lokacin. Idan wani ya ce a wurin aikinsa ba a ɗaukar maganarsa da muhimmanci, sai ta tambaye shi: "A nan fa, wa kake ganin ba ya ɗaukar maganarka da muhimmanci?" Dalilin amfanin wannan hanya, kamar yadda na gani da idona, shi ne labarin waje ɓangare ɗaya kawai muke ji, ba mu san shugaban wurin aikin ba, ba mu san tsohon mijin ba, amma abin da ya faru a ɗakin dukanmu shaidu ne.

A wannan mataki ne na yi maganar mahaifina. Na bayyana yadda nake tashi cikin dare in juya shi domin kada kwanciya ta yi masa gyambo, da yadda nake masa wanka, da yadda yake kallona idan harshensa ya kasa fitar da abin da yake so. Waɗannan duka suna da sauƙin faɗa, domin yabo suke jawowa. Abin da ya yi mini nauyi shi ne in faɗi cewa akwai daren da nakan tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa in ji ba na son shiga, in ji haushinsa, sannan in kwana ina tuhumar kaina wane irin ɗa ne ni. Da na faɗa ban iya ɗaga kai ba, kuma babu wanda ya ba ni shawara. Bayan ɗan lokaci mutumin nan da ya soki jagorar ya ce: "Ɗan'uwa, na yi jinyar mahaifiyata har ta rasu, kuma na tsaya a bakin irin wannan ƙofar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau." Irvin Yalom, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Stanford, ya lissafa abubuwa 11 da suke kawo sauƙi a zaman rukuni, daga cikinsu akwai samun fata, da taimakon wani, da shaƙuwar mahalarta, da koyo daga mu'amala, da gane cewa ba kai kaɗai ba ne. Na ƙarshen nan yana da wuya mai ba da shawara shi kaɗai ya samar da shi, domin idan ya ce maka mutane da yawa suna jin haka za ka ɗauka aikinsa yake yi, amma idan wanda ke zaune kusa da kai ya faɗa muryarsa tana rawa, dole ka gaskata.

Taimakon bai tsaya a tausayawa ba. Matashiyar nan da ba ta iya barci ta ce ta lura ni ne nake fara tambayar lafiyar kowa, ni ne nake gyara kujeru, amma duk lokacin da aka juyo kaina sai in ce "ba komai, a ba wani dama", kuma hakan yana sa ta ji kamar ba na buƙatar kowa a ɗakin, har ta daina yunƙurin matsowa kusa. Jagorar ta tambaye ni ko akwai wasu a rayuwata da za su iya faɗin irin wannan magana, nan take 'yan'uwana suka faɗo mini a rai, waɗanda nake jin haushin ba sa kama mini jinya, alhali duk lokacin da suka tambaya nakan ce musu komai lafiya. Halin da mutum yake yi a waje, ko ba daɗe ko ba jima zai yi shi a cikin rukuni, inda akwai masu gani waɗanda suka yarda su faɗa masa. A makon na kira 'yan'uwana muka raba kwanakin jinya.

Matakan ba su bi juna a jere kamar yadda ake zana su a allo ba. Bayan wani hutu da ya raba mu, mun dawo da irin ladabin ranar farko, sai da aka sake ɗumama kafin a koma inda aka tsaya. Sannan ba kowa ne yake mataki ɗaya da saura ba. Akwai wani matashi da ya kusan kai ƙarshen zango bai faɗi wani abu mai zurfi game da kansa ba, kuma da wasu suka fara matsa masa cewa kowa ya buɗe cikinsa saura shi, jagorar ta tsaya masa. Ta ce shaƙuwar rukuni tana iya rikiɗewa ta zama matsin lamba, kuma 'yancin yin shiru da aka amince da shi yana nan daram. Ina ganin wannan yana cikin mafi muhimmancin abubuwan da ta yi, domin rukunin da ake tilasta wa mutum ya tona asirinsa yana iya yi masa illar da ta fi wadda ya zo da ita.

Wannan illa bincike ya tabbatar da ita. A 1973 Morton Lieberman da Yalom da Matthew Miles sun wallafa nazarin da suka yi a kan ɗaliban Stanford fiye da 200 da aka rarraba a rukunoni ƙarƙashin jagorori masu salo daban-daban, suka gano cewa wasu sun fita da rauni a zuciya, kuma hakan ya fi yawa a hannun jagorori masu kwarjini da zafin kai hari, masu matsa wa mutane su fallasa kansu nan take. Sun kasa aikin jagora gida huɗu: zaburar da motsin rai, nuna kulawa, taimaka wa mutane su fahimci ma'anar abin da ya faru da su, da riƙe tsarin zama. Waɗanda mahalartansu suka fi amfana su ne masu yawan kulawa da yawan fayyace ma'ana, masu matsakaicin zaburarwa da matsakaicin riƙe tsari. Da na karanta wannan na gane dalilin da ya sa jagorarmu take ware ƙarshen kowane zama ta tambaye mu abin da muka lura da shi da abin da ya koya mana, domin kuka ko fushi kaɗai ba ya sauya mutum idan bai fahimci abin da ya taso da shi ba. Na kuma lura cewa maganarta ta riƙa raguwa yayin da muke ci gaba. A farko ita take haɗa maganar wannan da ta wancan, ita take tsayar da mai katse wani, ita take jawo wanda aka manta, daga baya mu muke yin waɗannan da kanmu, har akwai zaman da Baba ne ya dubi wata ya ce: "'Yata, tun ɗazu ba ki ce komai ba, kuma na ga ranki a ɓace."

Matakin rabuwa ba ya cikin tsarin Tuckman na farko, sai a 1977 shi da Mary Ann Jensen suka ƙara shi a matsayin na biyar. Jagorar ta fara tunatar da mu ranar rufewa tun saura makonni, mu kuma muna ta kauce wa maganar: wasu suka ce a ci gaba da haɗuwa ko babu jagora, wasu suka fara ja da baya tun kafin lokaci, makara ta dawo. Ta nuna mana cewa duk waɗannan hanyoyin guje wa zafin rabuwa ne, kuma da yawanmu mun zo da rabuwar da ba mu samu damar yin sallama a cikinta ba, ta mutuwa ko ta aure, don haka ya kamata wannan karo mu yi sallama yadda ta dace. Ana gab da ƙarshe ba a buɗe sabuwar magana mai nauyi, domin babu lokacin rufe ta. Da matashin nan mai shiru ya fara ambaton wani abu da ya same shi yana yaro, saura 'yan mintoci a tashi, jagorar ta saurare shi, ta gode masa da ya amince da mu, ta ce maganar ta fi ƙarfin a yi mata gaggawa kuma za ta gan shi shi kaɗai a makon. A zaman ƙarshe kowa ya faɗi abin da ya koya game da kansa, da takamaiman abin da zai yi dabam a gida ko a wurin aiki, da abin da ya so ya samu bai samu ba. Matar da ta katse Baba ta nemi gafararsa a kan maganar zauren, ya ce ya yafe tun ranar. Jagorar ba ta hana mu zumunci ba, amma ta ce mu sani wannan abota ce za ta zama, rukunin kuwa ya ƙare, kuma alkawarin riƙe sirri bai ƙare tare da shi ba.

Bayan wasu makonni ta sake ganawa da kowannenmu domin ta ji ko sauyin da aka fara ya ɗore, da ko wani ya fita da damuwar da ke buƙatar ƙarin kulawa. Na gaya mata cewa ɗaya daga cikin 'yan'uwana yana cika ranakunsa na jinya, ɗayan kuma sai an tuna masa, kuma yanzu ina iya tuna masa ba tare da na tara haushi ba. Ta ba ni shawarar in shiga wani rukuni na masu jinyar iyaye, wanda shi buɗaɗɗe ne, ana shiga ana fita, ta kuma ce in sa ran cewa duk lokacin da sabon mutum ya shigo za a ɗan koma ga taka-tsantsan irin na farko kafin a sake sakin jiki, kuma tsofaffin mahalarta ne suke koya wa sababbi ƙa'idojin zaman. Na shiga, kuma haka na same shi.